Kakar NNL ta 2024/2025: shin daidai ne a yanke hukuncin wahalar watanni cikin mako guda a Asaba?

Ɗan Jekadafari, Gombe:
Assalamu alaikum, 'yan uwa na wannan zaure. Kafin komai ina taya mutanen Bauchi murnar komawar Wikki Tourists gasar Firimiya ta ƙasa, bayan kaka biyu da ta yi a rukuni na biyu, wato gasar NNL, tun faɗuwarta a 2023. Murna ce har cikin zuciya, domin jiha ɗaya muke da ku har zuwa 1996, kuma duk ranar da aka buga babban wasa a filin Abubakar Tafawa Balewa za ka iske motocin Gombe a bakin ƙofa.

Abin da ya sa na buɗe wannan magana shi ne tsarin da aka bi wajen fitar da masu haurawa. An raba ƙungiyoyin NNL gida huɗu, biyu a Arewa biyu a Kudu, kowace ta yi watanni tana wasan gida da na waje. Da aka gama, sai aka ɗebi biyun farko daga kowane gida aka kai su Asaba a watan Yulin 2025 don abin da ake kira Super 8. A can ƙungiyoyin Arewa huɗu suka kara da juna, wasa uku kowace, biyu suka haura, wato Wikki da Barau FC ta Kano, biyu suka koma gida. Doma United ta nan Gombe tana cikin waɗanda suka je suka dawo hannu rabbana. Ban ce an zalunci kowa a Asaba ba, kuma ina roƙon kada a ɗauki maganata a haka. Tambayata ita ce, mene ne amfanin makin da ƙungiya ta tara tun farkon kaka, idan ranar da ta isa Asaba za a share shi a fara daga sifili? Wannan tamkar manomi ne ya yi noman damina cif, sai a ce ba za a auna abin da ya tara a rumbu ba, abin da ya iya girbewa cikin kwana bakwai kawai za a duba. A 2022 Doma ta haura ne saboda ta zo ta ɗaya a gidanta, ita da El-Kanemi Warriors da Bendel Insurance da Bayelsa United, kuma ban ji wanda ya ce ba su cancanta ba. Ni dai a ganina wancan tsarin ya fi kusa da adalci.

Mai Goyon Wikki, Wunti:
Wa alaikumus salam. Malam, mun gode da taya murna, Allah ya bar zumunci, ya kuma nuna mana ranar da filin Pantami na Gombe zai sake karɓar wasan Firimiya. Sai dai ina so in tuna maka da abin da na san ba ka manta ba. Gombe United ta haura ta wannan hanya da kake kuka da ita har sau biyu, a Aba cikin Janairun 2019 da kuma a Enugu a 2021, kuma a lokutan nan biyu mutanen Gombe sun tarbi 'yan wasansu da murna ba tare da wani ya tambayi makin da aka share ba. Bai kamata tsari ya zama mai kyau ranar da ya yi mana daɗi, ya zama maras kyau ranar da ya juya mana baya ba.

Dalilin da ya sa nake goyon bayan Super 8 kowa a zauren nan ya san shi, ko da ba ma son faɗa. A rukuni na biyu cin wasa a waje abu ne mai matuƙar wuya, kuma ba kullum ba ne ƙarfin ƙungiyar gida ke jawo hakan. Idan kusan kowa yana cinye wasanninsa na gida, to wanda zai zo na ɗaya shi ne wanda ya samu canjaras biyu ko uku a waje, kuma sau da yawa tazarar da ke tsakanin ta ɗaya da ta biyu ba ta nuna wadda ta fi iya ƙwallo. Amma idan aka kai su filin da babu mai gida a cikinsu, ga kyamara, ga shugabannin hukuma a zaune, ga 'yan jarida, a nan ne ake ganin ƙafar kowa. Bayan haka gidajen biyu na Arewa ba lalle su zo daidai wajen ƙarfi ba. Yana yiwuwa ta biyu a wani gida ta fi ta ɗaya a ɗaya gidan, kuma babu yadda za a gane hakan sai an haɗa su.

Ɗan Jekadafari, Gombe:
Gaskiya ne Gombe United ta amfana da shi, amma amfanar da muka yi ba hujja ba ce ta ingancinsa. Kuma ka lura da abin da ka faɗa da bakinka: kana cewa ba a yarda da sakamakon wasannin gida ba, shi ya sa ake buƙatar Asaba. Idan haka ne, ai su waɗannan wasannin da ba a yarda da su ba su ne suka zaɓo ƙungiyoyi takwas ɗin da suka je Asaba. Ƙungiyar da ta zo ta uku saboda an danne ta a waje, wa zai bi mata hakkinta?

Tsohon Alƙalin Wasa, Azare:
Ku ba ni dama in sa baki, tun da maganar ta zo kan aikin da na yi shekaru ina yi kafin gwiwa ta ce in huta. Mutane suna saurin cewa an sayi alƙali, kuma ba zan rantse a kan kowa ba, amma abin da na gani da idona shi ne tsoro ya fi cin hanci yawa nesa ba kusa ba. A zamanin da nake busa, za ka shiga motar haya da kuɗinka ka je garin da ba ka san kowa ba, wanda zai tarbe ka ya kai ka masauki jami'in ƙungiyar gida ne, kuma alawus ɗinka ma sau da yawa daga hannunsu yake fitowa bayan an tashi. Ka shiga fili ka ga shingen da ke tsakaninka da 'yan kallo yaro ma zai tsallake shi, 'yan sanda ba su cika tafin hannu ba, kuma babu kyamara ko ɗaya da za ta nuna wa hukuma abin da ya faru in an kai ƙara. A cikin wannan hali aka ce ka ba baƙi fenariti saura minti biyar a tashi. Mataimakinka mai tuta ya fi ka shiga uku, domin shi yana gudu ne a bakin layi, bayansa na kallon jama'a, yana jin duk abin da ake faɗa masa. Akwai ranar da wani mataimakina ya riƙe tutarsa a ƙasa alhali satar gida ce a fili, da na tambaye shi a ɗakin canza kaya sai ya nuna mini tabon dutse a ƙeyarsa.

Saboda haka ni ba na ganin Super 8 a matsayin magani. An ga ciwo ne aka kasa magance shi a filaye masu yawa, sai aka tsare fili guda na mako guda. Idan ana son teburin kaka ya zama abin dogaro, abubuwa uku ne ba makawa: kuɗin alƙalai da masaukinsu su fito daga hukumar gasa kai tsaye, kada a buga wasa a filin da ba shi da shinge da isassun jami'an tsaro, sannan a ɗauki hoton bidiyon kowane wasa daga farko har ƙarshe a aika wa hukuma a daren. Ranar da aka yi waɗannan, zan bi bayan Ɗan Jekadafari. Kafin nan kuwa, ina tare da mutumin Wunti, ba don tsarin ya burge ni ba.

Baba na Bakin Kura, Bauchi:
Yarana, Allah ya yi muku albarka. Ina karanta ku ina jin kamar an ɗauka tara ƙungiyoyi a gari ɗaya shi kansa kariya ce daga maguɗi, kuma mu mutanen Bauchi bai kamata mu yi wannan zato ba, domin a garin nan aka yi abin kunyar da duniya ta ji a watan Yulin 2013. Wasannin neman haurawa ne na ƙananan ƙungiyoyi, ba na rukuni na biyu ba, amma tsarin iri ɗaya ne: an tara su a cibiya guda, aka zo wasan ƙarshe ƙungiyoyi biyu suna da maki daidai, yawan ƙwallaye ne zai raba. Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine ta ci Bubayaro 67 da nema, kuma mafi yawan ƙwallayen bayan hutun rabin lokaci aka zuba su. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu shekara goma, ta kuma haramta wa 'yan wasa da jami'an da abin ya shafa harkar ƙwallo har abada.

Ba ina kwatanta wancan da Asaba ba ne, Allah ya kiyaye. Abin da nake so ku gane shi ne raunin ƙaramar gasa ta ƙungiyoyi huɗu. Da an buga wasa biyu, sau da yawa akwai wadda ta riga ta fita, ba ta da abin da take nema a wasa na uku, ko kuma a samu biyu da canjaras ya ishe su. A doguwar kaka irin wannan yanayi yana narkewa cikin yawan wasanni, amma a gasar wasa uku shi kaɗai yana iya yanke wanda zai haura. Ga kuma jan kati ɗaya, ko zazzaɓi ya kama mai tsaron raga a daren wasa, ko ruwan saman Yuli ya cika fili. Ina murna da Wikki fiye da yadda zan iya rubutawa, ni da na ga lokacin da ta ɗauko kofin ƙalubale a 1998 bayan ta doke Plateau United a bugun fenariti, amma murnata ba za ta hana ni ganin cewa da ƙwallo ɗaya ta kauce da yanzu mu ne muke rubuta abin da ɗan Gombe ya rubuta ba.

Mai Goyon Wikki, Wunti:
Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarka abin karɓa ce, sai dai abin da ya faru a 2013 ya faru ne inda babu idon da ke kallo. Wasannin Asaba an buga su a filin Stephen Keshi a gaban kowa, kuma Wikki ba ta tsaya a haurawa ba, ta kai wasan ƙarshe inda Warri Wolves ta ci ta 3 da 2. Ƙungiyar da ta yi wannan ba sa'a ce kawai ta kai ta ba.

Yaya Hajiya, Yelwa:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina bin wannan zaure ba tare da na ce uffan ba, amma yau zan yi magana saboda duk kuna duban abin ne daga kujerar 'yan kallo, ni kuwa daga cikin gida nake ganinsa. Ƙanena ya yi shekaru yana buga rukuni na biyu a wata ƙungiya da ba zan ambata ba, kuma ni ce nake tura masa kuɗin abinci idan albashi ya tsaya. Abin da na koya shi ne, ana biyan yaran nan ne gwargwadon yadda masu ƙungiya suke ganin akwai sauran fata. Muddin ana lissafin cewa za a iya zuwa na biyu, to alawus ɗin wasa yana fitowa, ana sayen mai a zuba a mota, ana kwana a masauki mai ɗan dama. Ranar da lissafi ya nuna ba za a kai ba, daga ranar wayar jami'ai take daina shiga, yaro ya ji rauni a gwiwa a ce ya je gida ya yi jinya, kuma kwantiragin da ya sa wa hannu ko kwafinsa ba a ba shi ba.

To ku duba abin da Malam na Jekadafari yake nema. Idan ta ɗaya kaɗai ce za ta haura daga kowane gida, kuma wata ƙungiya mai kuɗi ta ba da tazara tun zagayen farko, sauran duka sun zama 'yan rakiya tun kaka ba ta yi rabi ba. Waɗanda za su ɗanɗana kuɗarsu ba shugabanni ba ne, yaran mutane ne da iyalansu. Gurbi na biyu yana riƙe ƙungiyoyi huɗu ko biyar a cikin tsere har kusan makon ƙarshe, kuma wannan a wurinmu yana nufin ƙarin watanni na albashi. Ban ce wannan ne dalilin da ya sa aka kafa tsarin ba, amma amfani ne da nake gani da idona, kuma ina roƙon duk mai neman a sauya ya sa shi a lissafi.

Sannan a tuna da hanya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin tafiya ya ninka, kuma ƙungiyoyi da yawa sun koma tashi da daddare ko da asuba don kauce wa kuɗin kwana, su isa gari da rana tsaka a cikin bas ɗin da gwiwa ke dukan kujerar gaba, su shiga fili da la'asar. Wanda ya yi wannan tafiya ko alƙali bai danne shi ba ƙafarsa ta riga ta mutu. Wani kaso na rashin cin wasan waje daga nan yake.

Ɗan Jekadafari, Gombe:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, ya ba ƙanenki lafiya da abin yi mai albarka. Abin da kika kawo nauyi gare shi. Amsata ita ce, rashin biyan 'yan wasa laifi ne da ya kamata a hukunta shi da kansa, ta hanyar cire maki ko hana rajista, kamar yadda ya kamata a ce kowace ƙungiya ta nuna shaidar kuɗin da za ta riƙe kaka kafin a sa sunanta a jadawali. Bai dace a ce albashin yaro ya rataya a kan matsayin ƙungiyarsa a teburi ba.

Matashi daga Kumo:
Iyayena da yayyena, ina neman izini. Yawancinmu muna kallon ƙwallon Ingila a gidajen kallo, kuma a can rukuni na biyu, wato Championship, ƙungiyoyi 24 ne, kowace tana buga wasa 46. A kakar 2024/2025 biyun farko sun haura kai tsaye, sannan ta uku zuwa ta shida suka fafata a kan gurbi ɗaya da ya rage, aka ƙare a filin Wembley. Da wannan an girmama wanda ya yi ƙoƙari tun farko, an kuma bar wa na tsakiya abin nema. Me zai hana a haɗe gidajen Arewa biyu su zama ɗaya, ta ɗaya ta haura kai tsaye, ta biyu zuwa ta biyar su yi wasan cike gurbi? A Kudu ma a yi haka. Gurabe huɗu ɗin suna nan yadda suke, buƙatar Malam na Jekadafari ta biya, ta Yaya Hajiya ma ta biya.

Mai Goyon Wikki, Wunti:
Ƙanena, tunaninka mai kyau ne a takarda, amma ka buɗe taswira. Arewa ɗaya tana nufin ƙungiya daga Yola ko Damaturu za ta je Sakkwato da Birnin Kebbi, ta dawo ta nufi Ilorin ko Lokoja, kuma adadin wasanni zai kusan ninkawa. Wa zai biya? A Ingila kuɗin talabijin da na tikiti ne ke ɗaukar ƙungiya, a nan kuwa mafi yawan ƙungiyoyin Arewa suna jiran abin da gwamnatin jiha za ta sake ne. Raba gida huɗu ba don ado aka yi shi ba, don a rage tsawon hanya ne.

Matashi daga Kumo:
Yaya, to a bar gida huɗun, amma a bar kowace ƙungiya ta tafi Super 8 da wani abu a hannu. Wadda ta zo ta ɗaya a gidanta a ba ta maki ɗaya ko biyu tun kafin a fara, ko kuma a ce idan maki ya zo daidai ita ce a gaba. Wannan ba ya buƙatar ko kwabo.

Baba na Bakin Kura, Bauchi:
Wannan yaron ya faɗi abin da za a iya aikatawa gobe. Ni kuma ina da ƙari a kan wurin da ake yin wasannin. Aba a 2019, Enugu a 2021, Asaba a 2023, Enugu a 2024, Asaba kuma a 2025. Ƙungiyoyin Arewa huɗu da junansu suke karawa, to me ya sa sai an kwashe su an haye Binuwai da Neja da su, inda magoya bayansu ƙalilan ne za su iya zuwa? Ba zan ce a kawo Bauchi ba a shekarar da Wikki take ciki, duk da filinmu ya karɓi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 1999 da ta 'yan ƙasa da 17 a 2009. Amma akwai Kaduna, akwai Jos, akwai Abuja. A zaɓi garin da ba shi da ƙungiya a cikin huɗun, mutumin Bauchi da na Gombe da na Kano su shiga mota su je su dawo. Wasan da ya fi kowane muhimmanci a shekara bai kamata a buga shi ba tare da masu shi ba.

Tsohon Alƙalin Wasa, Azare:
Baba, ranka ya daɗe, a nan kam zan ɗan saɓa maka. Nisan nan da kake kuka da shi shi ne abin da ke ba alƙali natsuwa. Idan aka kawo wasan inda motoci hamsin za su iya zuwa daga kowane gari, to sai an tanadi tsaron da ya fi na Asaba, in ba haka ba an dawo da matsalar da aka gudu. Kuma ɗaukar nauyin ƙungiyoyi da jami'ai na mako guda kuɗi ne, sai an samu jihar da ta yarda ta karɓa.

Ɗan Bolari, Gombe:
Ni duk wannan lissafi ya wuce ni. Abin da na sani shi ne a 2024 Gombe United da Doma United suka faɗo tare a kaka ɗaya, garin da yake da ƙungiya biyu a Firimiya ya wayi gari ba shi da ko ɗaya, kuma kakar 2025/2026 ita ce ta biyu a haka. Heartland ta faɗo tare da mu, amma ta karɓi gurbin Beyond Limits ta koma ba tare da ta buga rukuni na biyu ba. Me zai hana masu hali a Gombe su nemi irin wannan hanya?

Ɗan Jekadafari, Gombe:
Ɗan uwa, wannan ita ce shawarar da ba zan taɓa goyon baya ba, ko da Gombe za ta shekara goma a ƙasa. Ka ambaci Heartland, to ka ƙarasa labarin: ta koma ta wannan hanya a 2024, ta sake faɗowa a 2025 tare da Akwa United da Sunshine Stars da Lobi Stars. Gurbi aka samu, ba a gyara abin da ya jawo faɗuwar ba. Ni da nake ƙorafin an share makin watanni, ta yaya zan yarda a share kaka gaba ɗaya da kuɗi? Kuma ka dubi El-Kanemi Warriors. Ta faɗo a 2023 tare da Wikki, ta zauna ta yi aikinta, a 2024 ta haura kuma ta ɗauki kofin ƙalubale bayan ta ci Abia Warriors 2 da nema, alhali a rukuni na biyu ta buga kakar. Wannan ya nuna mini cewa tazarar da ke tsakanin rukunan biyu ba a ƙafar 'yan wasa take ba, a wurin riƙo take. Abin da nake so daga masu ƙungiyoyinmu biyu shi ne kada su watsar da yaran da suka buga wannan kaka su ɗebo sababbi talatin ana saura mako biyu a fara, su bar mai horarwa ya yi shiri tun da wuri, kuma a biya bashin da ke ƙasa kafin a yi maganar sabon ɗauka. Kaka mai zuwa ba za ta yi sauƙi ba, musamman idan aka sa Lobi Stars a ɓangarenmu.

Mai Goyon Wikki, Wunti:
A wannan kam bakinmu ɗaya, kuma gargaɗin ya shafe mu fiye da ku. Cikin huɗun da suka haura a 2023, Sporting Lagos da Heartland sun koma ƙasa bayan kaka ɗaya tak. Ikorodu City kuwa ta haura a 2024 ta ƙare a matsayi na huɗu. Mu ma mun taɓa yin irin wannan: mun faɗi a 2013, muka dawo, a 2016 muka zo na uku a bayan Enugu Rangers da Rivers United a ƙarƙashin mai horarwa Abdu Maikaba, Godwin Obaje ya fi kowa cin ƙwallo da 18, muka samu tikitin gasar Afirka. Abin da ya kawo wannan shi ne an bar mai horarwa ɗaya da gungun 'yan wasa ɗaya sun daɗe tare. Ina fatan gwamnati da shugabannin ƙungiya za su tuna da haka, su riƙe ƙashin bayan yaran da suka yi wahalar Asaba, su ƙara musu 'yan ƙalilan masu gogewa, maimakon a sallame su a ce Firimiya ta fi ƙarfinsu.

Yaya Hajiya, Yelwa:
Wannan ita ce fargabar iyalan 'yan wasa a duk ƙungiyar da ta haura, kuma na ji daɗi da namiji mai goyon baya ya faɗe ta da kansa. Yaro ya yi kaka yana kwana a bas, ranar da aka kai inda albashi zai gyaru sai a ce masa an gode.

Ɗan Jekadafari, Gombe:
Ina nan a kan ra'ayina cewa wadda ta zo ta ɗaya a gidanta ta cancanci haurawa, amma idan ba za a koma tsarin 2022 ba, shawarar matashin Kumo ita ce mafi ƙarancin abin da zan karɓa. Maganar bidiyo kuma ba sai mun jira hukuma ba. Mu da muke zuwa Pantami muna da wayoyi, kuma zan nemi mutum biyu ko uku a zauren nan mu riƙa ɗaukar wasannin gida muna sawa a nan, har da waɗanda hukuncin ya yi mana daɗi bai yi wa baƙi ba. Alhaji na Azare, ina neman shawararka a kan yadda za a yi shi ya zama mai amfani.

Tsohon Alƙalin Wasa, Azare:
Ku fara neman izinin kwamishinan wasa da jami'an fili kafin a take ƙwallo, don kada a ɗauke ku masu neman fitina. Ku hau can saman rumfa daidai layin tsakiya, ku kafa wayar a kan abin da ba ya motsi, kuma kada ku riƙa matso da hoto kusa da mai ƙwallo, domin abin da ake buƙatar gani shi ne layin 'yan baya da inda mai tuta yake tsaye. Kowane rabi a ɗauke shi a dunƙule ba yankewa, har da ƙarin lokaci da fitar alƙalai daga fili, saboda guntun bidiyo na daƙiƙa ashirin shi ne ya fi jawo zargi marar tushe. Ku tanadi abin cajin waya da isasshen wurin ajiya, kuma wanda ke riƙe da wayar ya yi shiru har a tashi. Idan kun ɗauki na farko ku turo mini kafin ku sa a zaure, zan duba in gaya muku inda ya kamata a gyara tsayuwa.